Gidan da Ya Koma Bin Littafi: Nazarin Tsarin Gini da Sauye-sauyen Gidan Gona na Hill Top a Arewacin Ingila

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin tsarin gini da sauye-sauyen da aka yi wa Hill Top, wani tsohon gidan gona na dutse da ke ƙauyen Near Sawrey a yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila. An gina shi a ƙarni na 17, marubuciya Beatrix Potter ta saye shi a 1905, kuma tun 1946 yake buɗe ga masu ziyara ƙarƙashin kulawar ƙungiyar National Trust. Manufar nazarin ita ce auna sahihancin abin da ake nuna wa mai ziyara a yau. An bi hanyar kwatanta abubuwa uku: jikin ginin, zane-zanen da Potter ta yi masa a littattafanta, da ƙa'idojin adana gine-ginen tarihi. Maƙalar ta gano cewa sashen da aka ƙara a 1906 shi ne sauyi mafi gaskiya a gidan, cewa kayan cikinsa tsufa ne da aka tattaro daga wasu gidaje, kuma gyare-gyaren shekarun 1980 sun mayar da zanen littafi ma'aunin gini. Sakamakon haka, tarihin manoman da suka gina gidan ya dusashe a bayan sunan marubuciyar.

Fitilun Kalmomi: gidan gona, ginin gargajiya, sahihanci, adana kayan tarihi, Beatrix Potter

1.0 Gabatarwa

Duk tsohon gidan da mutane suka daɗe a cikinsa yana ɗauke da sawun hannaye da yawa. Wani ya kafa harsashi, wani ya faɗaɗa taga, wani ya toshe ƙofa saboda sanyi, wani kuma ya ƙara ɗaki da iyali suka yawaita. Matsala tana tasowa ne ranar da aka yanke shawarar mayar da irin wannan gida wurin tarihi, domin a ranar dole a zaɓi zamanin da za a tsayar da shi a kai, da kuma wanda za a ba da labarinsa a cikin mazaunansa.

Hill Top misali ne da ya dace da wannan tambaya. Gida ne ƙarami, ba fada ba ne, kuma babu sunan wani magini da ya shahara a kansa. Darajarsa a idon duniya ta samo asali daga Beatrix Potter (1866–1943), wadda littafinta The Tale of Peter Rabbit ya fito daga kamfanin Frederick Warne a 1902. Da ribar littattafanta da ɗan gadon da ta samu ta sayi gidan da gonarsa mai kimanin eka 34 a 1905, shekarar da Norman Warne, wanda suka yi alkawarin aure, ya rasu. Maƙalar za ta bi sauye-sauyen gidan mataki-mataki, tana tambayar kowanne abu biyu: wace buƙata ta haifar da shi, kuma ko ya bar mai kallo ya gane shekarunsa.

2.0 Ra'in da Aka Ɗora Nazarin a Kai

Masana harkar adana gine-gine a Turai sun rabu gida biyu tun ƙarni na 19. Ɓangare na farko shi ne na Eugène Viollet-le-Duc na Faransa, wanda yake ganin halas ne a kammala tsohon gini zuwa wata cikakkiyar siffa, ko da bai taɓa kasancewa a haka ba. Ɓangare na biyu shi ne na John Ruskin, wanda a littafinsa The Seven Lamps of Architecture na 1849 ya ɗauki irin wannan maidowa a matsayin rushewa da aka lulluɓe da ƙarya. William Morris ya gina kan wannan ra'ayi lokacin da ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877, wadda ta fifita kula ta yau da kullum da ɗinke ɓaraka a kan sake ƙira.

Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta karkata ga ɓangare na biyu. Ta tanadi cewa a mutunta gudummawar kowane zamani a jikin gini, a dakatar da maidowa a inda zato ya fara, kuma abin da aka maye gurbinsa ya zama ana iya bambance shi da na asali. Takardar Nara ta 1994 ta faɗaɗa ma'anar sahihanci, ta shigo da amfani da gini, al'adar masu shi, da abin da yake tayarwa a zukata.

Akwai dalilin da ya sa ya dace a auna Hill Top da ma'aunin Ruskin. Shi kansa ya ƙare rayuwarsa a gidan Brantwood da ke bakin tafkin Coniston, 'yan mil kaɗan daga Sawrey, inda ya rasu a 1900. Har ila yau Hardwicke Rawnsley, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa National Trust a 1895 tare da Octavia Hill da Robert Hunter, ya tasirantu da Ruskin tun yana ɗalibi a Oxford, kuma shi ne ya cusa wa Potter kishin kare yankin bayan haɗuwarsu a 1882. Ke nan ma'aunin daga cikin gida ya fito.

3.0 Asalin Ginin: Dutse, Ruwan Sama da Murhu

Gidajen gona na dutse a wannan yanki sun yawaita ne daga tsakiyar ƙarni na 17 zuwa farkon na 18. Haɗewar sarautar Ingila da Sukotlan a 1603 ta kawo ƙarshen hare-haren kan iyaka, ƙananan manoma suka sami tabbacin gadon gonakinsu, cinikin ulu kuma ya ba su abin da za su yi gini mai ɗorewa. R. W. Brunskill, wanda ya wallafa nazari kan ginin gargajiyar yankin a 1974, yana daga cikin waɗanda suka fayyace tsarin waɗannan gidaje.

Yanayi ne ya tsara musu siffa. Yankin na daga cikin mafi ruwan sama a Ingila. A ƙauyen Seathwaite abin da ke sauka a shekara yakan haura milimita 3,000. Saboda haka magina sukan tayar da bango mai fuska biyu da duwatsun da aka tsinto ko aka faso a kusa, su cike tsakiya da tsakuwa, su riƙa gicciya dogayen duwatsu domin ɗaure fuskokin biyu. Sukan ɗan karkatar da kowane dutse zuwa waje yadda ruwa zai zurare maimakon ya shige. Daga nan sai a watsa wa bangon yaɓen farar ƙasa mai gauraye da tsakuwa. Amfanin wannan yaɓe shi ne yana shan laima kuma yana sakinta idan iska ta kaɗa, saɓanin siminti da ke kulle ruwa a cikin bango har katako ya ruɓe. Rufin kuwa na faya-fayan dutse ne, manya a bakin indararo, suna ƙanƙancewa har zuwa tsororuwa. Wannan tsari yana rage nauyi a sama, yana kuma ba da damar amfani da duk abin da mahaƙa ta fitar.

A ciki, zuciyar gidan ita ce ɗakin wuta. Nan ake girki, nan ake ci, nan ake kaɗi da hira da daddare, domin a gidaje da dama shi kaɗai ne ɗaki mai murhu. A Hill Top wannan ɗaki shi ne wanda mai ziyara yake fara shiga, kuma daɓensa na falalen dutse yana nan. A cikin wani kabad kusa da murhu ana iya ganin ragowar tsohuwar matakala mai murɗe wadda ake hawa bene da ita tun farko.

Wannan ragowa shaida ce cewa an riga an sauya gidan tun kafin Potter. A ƙarni na 18 an yi masa faffaɗar matakala mai makari da doguwar taga, tagogin gaba kuma suka koma irin masu zamewa sama da ƙasa, waɗanda ake yayi a birane. Manoman da suka yi haka ba su nemi adana komai ba. Haske da sauƙin hawa da mutunci a idon maƙwabta suka nema. Saboda haka duk maganar mayar da gidan asalinsa tana cin karo da tambayar wane asali ake nufi.

4.0 Hannun Beatrix Potter

4.1 Sashen 1906

Lokacin da Potter ta sayi gonar, akwai manomi ɗan haya, John Cannon, da iyalinsa a cikin gidan. Tana buƙatar ya ci gaba da kula da dabbobi, tana kuma son tsohon gidan ya zama nata. Mafitar da ta samu ita ce gina sabon sashe mai bene a jikin tsohon a 1906, iyalin Cannon suka koma can. A benen ƙarin ta ware wa kanta babban ɗaki guda, wanda ta rataye manyan zane-zanen ƙanenta Bertram a ciki.

Ta fuskar gini, wannan shi ne aikinta mafi inganci. An yi shi da dutse, an yaɓe shi, an rufa shi da faya-fayan dutse kamar tsohon, don haka bai yi wa ido tsalle ba. Amma bai ɓoye shekarunsa ba: akwai allon dutse a jikinsa mai ɗauke da haruffan sunanta da shekarar 1906, bisa al'adar manoman yankin ta rubuta suna da shekara a kan abin da suka gina. Buƙata ta gaske ce ta haife shi, kuma har yau gidan manomi ne. Abin da yarjejeniyar Benis ta nema bayan shekara 58, wato ƙari ya jitu da tsohon gini amma a iya gane shi, sashen ya riga ya cika shi.

Sai dai akwai farashin da aka biya. Daga ranar da iyalin Cannon suka ƙaura, ɗakin wuta ya daina zama wurin da ake ciyar da ma'aikatan gona. Aiki ya koma sabon gini, tsohon kuma ya zama wurin kallo da rubutu. Sauyin da ya ceci jikin gidan shi ne ya raba shi da aikin da aka gina shi dominsa.

4.2 Tsufan da Aka Tattaro

A cikin tsohon sashen, hukunci ya fi wuya. Potter ta kasance mai halartar gwanjon kayan gonaki, tana sayen tsofaffin kabad-kabad da kujeru da akwatunan katakon ok, tana jin zafin yadda dillalai ke fitar da su daga yankin. Babban kabad na ƙarni na 17 da ke ɗakin wuta, dogayen agogo masu tsayuwa a ƙasa, da gadon rumfa da ke bene, duk shigo da su aka yi. Ta wannan hanya ta tsirar da kayan da da sun watse, kuma wannan abin yabo ne.

Amma tsirar da kaya daban, bayar da shaida a kan gida daban. A gidajen yankin, irin wannan kabad sau da yawa a jikin shamakin ɗaki ake kafa shi, ɗauke da haruffan sunan ma'auratan da suka sa aka sassaƙa shi, ana ajiye gurasar hatsi a ciki. Idan aka ciro shi aka kai wani gida, haruffan suna nan amma suna magana ne a kan wasu mutane. Haka kuma bakin murhu na salon Adam da ta sa a falo, da takardar ado ta kamfanin Morris a ɗakin kwana, ɗanɗanon mai hali ne da ta tashi a unguwar Kensington ta Landan. Babu manomin Sawrey na ƙarni na 17 da zai gane ɗakinsa a nan.

Ana iya kwatanta wannan da gidan Townend da ke Troutbeck, wanda zuriyar Browne suka riƙe sama da shekara 400 kafin ya shiga hannun National Trust a 1948. A can ma George Browne na ƙarshe ya cika ɗakuna da sassaƙa irin ta da. Bambancin shi ne mafi yawan kaya da littattafai da takardun Townend a gidan suka taru, tsara bayan tsara. Na Hill Top kuwa mutum ɗaya ce ta zaɓo su cikin shekara 38.

Wani abin lura shi ne Potter ba ta taɓa mayar da Hill Top mazauninta na dindindin ba. Kafin 1913 tana zuwa ne tana komawa wurin iyayenta a Landan. Da ta auri lauya William Heelis a shekarar, sai suka tare a Castle Cottage da ke tsallaken fili, Hill Top ya zama wurin aiki, karɓar baƙi da ajiyar abubuwan da take ƙauna. Ita ce mai kula da gidan tarihin ta farko, tun tana raye.

5.0 Littafi a Matsayin Shaidar Gini

Littattafan da ta rubuta a waɗannan shekaru sun adana siffar gidan da daidaito mai ban mamaki. The Tale of Tom Kitten na 1907 ya nuna lambu, hanyar shiga da 'yar rumfar ƙofa da aka haɗa da manyan falalen dutse. The Tale of Jemima Puddle-Duck na 1908 ya nuna farfajiyar gona da matar Cannon da yaranta. Mafi muhimmanci ga mai nazarin gini shi ne The Roly-Poly Pudding na 1908, wanda daga baya aka sake wa suna The Tale of Samuel Whiskers.

Wannan labari ya samo tushe daga ɓerayen da suka addabe ta da ta karɓi gidan. Ɗan kyanwa ya hau ta bututun hayaƙi, ya ɓata a cikin duhun bango, ya faɗa hannun ɓeraye a ƙarƙashin daɓen katakon bene. Labarin ba zai yiwu a gidan bulo mai siririn bango ba. Yana buƙatar bango mai fuska biyu da ramuka a tsakiya, da faffaɗan bututun hayaƙi irin na ƙarni na 17, da guraben da sauye-sauyen baya suka bari a toshe. Wato marubuciyar ta fahimci gidan daga cikin bangonsa, kuma littafin yara ya zama kusan taswirar ɓoyayyun sassansa. Wannan daraja ta zane-zanen ce ta jawo matsalar da ke tafe.

6.0 Hannun National Trust

Potter ta rasu ranar 22 ga Disamba, 1943. Ta bar wa National Trust filaye sama da eka 4,000 da gonaki fiye da goma, ta kuma yi wasiyya cewa a bar ɗakunan Hill Top da kayansu yadda ta tsara su, kada a ba da su haya. An buɗe gidan ga jama'a a 1946.

Biyu daga cikin ayyukan da aka yi bayan haka sun cancanci tsokaci. Murhun ƙarfen da ya bayyana a zane-zanenta an riga an cire shi, sai a 1983 aka kafa wani irinsa. A 1987 kuma aka sake buga takardar adon da ta manna a bango da rufin ɗakin wuta a 1906, aka mayar da ita. Ba za a ce an yi zato ba, domin akwai shaida ƙarara, kuma ta wannan fuska ba a saɓa wa yarjejeniyar Benis ba. Takardar Nara ma za ta iya ba da kariya, tun da abin da gidan ke tayarwa a zukatan masu karatu wani ɓangare ne na darajarsa.

Duk da haka, alaƙar gida da littafi ta juye. A 1908 zane ne yake bin gida. A 1983 gida ne yake bin zane. Mai ziyara yana riƙe da littafi, ya dubi shafi, ya dubi murhu, ya ga sun yi daidai, sai ya ɗauka ya ga abin da marubuciyar ta gani, alhali ƙarfen da ke gabansa an kawo shi ne shekara 40 bayan rasuwarta don ya dace da shafin. Bugu da ƙari, ɗakin ya haɗa bango na 1906, murhu na siffar 1908, da kayan da ta ci gaba da tarawa har 1943. Wannan shi ne kusan abin da Viollet-le-Duc ya halasta, a gidan da ƙungiyar almajiran Ruskin ke riƙe da shi.

Kwafin gidan da aka gina a Japan, a lardin Saitama, don ajiye tarin littattafan Potter na Jami'ar Daito Bunka, ya fito da haɗarin a fili. Idan darajar Hill Top ita ce kamanninsa da zane, to kwafi ma zai iya biyan buƙata. Abin da ba ya kwafuwa shi ne ragowar matakala a cikin kabad, daɓen da ƙafafu suka side, da gonar da ke kewaye. Waɗannan kuwa su ne mai ziyara ya fi saurin wucewa.

7.0 Muryar da Ba a Ji

A 2017 hukumar UNESCO ta sanya yankin tafkunan cikin wuraren tarihi na duniya, kuma noma da kiwon tumaki na gargajiya na daga cikin manyan hujjojin. Potter kanta ta ƙare rayuwarta a matsayin ƙwararriyar mai kiwon tumakin Herdwick. Amma gidan da ya fi kowane gidan gona na yankin shahara yana ba da labarin shekara 38 ne kawai daga cikin fiye da 300. Waɗanda suka ɗauko dutsen, waɗanda suka sauya matakala, da iyalin da aka matsar zuwa sabon sashe, sun zama shimfiɗa ga labarin wata.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan yanayi. Gidan Ɗan Hausa a Kano gini ne na ƙasa da maginan gargajiya suka tayar, amma sunan Hanns Vischer, wanda ya zauna a ciki a farkon ƙarni na 20, shi ne ya rinjayi tarihinsa. Kayan gini sun bambanta, tambayar kuwa ɗaya ce: idan shahararren baƙo ya zama dalilin tsirar gida, wa zai tuna da masu hannun farko?

8.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa ba yawan sauyi ne ke rage wa tsohon gida sahihanci ba, domin Hill Top ya sha sauyi tun ƙarni na 18 bai rasa gaskiyarsa ba. Abin dubawa shi ne ko sauyin ya amsa buƙatar mazauna, kuma ko ya bayyana shekarunsa. Da wannan ma'auni, sashen 1906 ya yi nasara. Kayan cikin gida shaida ce ingantacciya a kan Beatrix Potter, amma mai rauni a kan rayuwar manoma. Murhun 1983 da takardar 1987 kuwa suna da hujja, sai dai sun karkatar da gidan zuwa hidimar littafi.

Maƙalar ba ta ba da shawarar cire su ba, domin su ma sun shiga tarihin gidan, kuma cirewar za ta zama wata sabuwar maidowa. Abin da ya kamata shi ne duk bayanin da za a yi a kan gidan ya bambance abin da aka tarar, abin da marubuciyar ta kawo, da abin da aka mayar bayan rasuwarta, ya kuma ba ginin ƙarni na 17 da mazaunansa gurbi daidai da nasu. Wannan ƙa'ida ta shafi duk inda ake shirin mayar da gidan marubuci ko malami wurin ziyara: a rubuta yadda aka same shi kafin a taɓa komai, kuma kowane ƙari ya ɗauki shekararsa a jikinsa.